Rumbun da ba ya nuna ya cika: yadda gawayin na'urar tace iska ke aiki

Duk wanda ya taɓa cire murfin na'urar tace iska irin wadda ake ajiyewa a falo ko a ɗakin barci zai tarar da abubuwa uku a jere kafin ya kai ga fanka. Na farko raga ce mai kama da gidan sauro, wadda ke tare gashi da zare da manyan ƙura. Na biyu wani farin abu ne mai kama da takarda da aka ninke ninki bisa ninki, shi ne ake kira HEPA. Na uku kuwa baƙi ne, wani lokaci faranti mai gida-gida kamar saƙar zuma wanda aka cika da baƙaƙen ƙwayoyi, wani lokaci kuma siririn soso ne kawai da aka yi wa barbaɗen baƙin gari. Wannan na ukun shi ne gawayi, kuma shi ne masu sayarwa suka fi yi wa kirari, su ce yana kashe wari, yana cire guba, yana shanye hayaƙi. Akwai gaskiya a cikin kirarin, sai dai gaskiya ce mai sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne ba a cika faɗa wa mai saye ba.

Kafin a fahimci aikin gawayin sai an raba dattin iska gida biyu. Akwai ɓurɓushi, wato abin da yake da jiki komai ƙanƙantarsa, kamar ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Kano da Maiduguri da Damagaram da hazo, da tokar hayaƙi, da garin furen tsirrai. Wannan aikin HEPA ne, wadda ƙa'idar Amurka ta ce sai ta kama kashi 99.97 cikin ɗari na ɓurɓushin da girmansa ya kai nanomita 300 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) kafin ta ci sunanta. Akwai kuma gas da tururin sinadarai, waɗanda ba ɓurɓushi ba ne, ƙwayoyin sinadari ne guda-guda da suka gauraya da iskar kanta. Ƙwayar benzin, wani sinadari da ke cikin man fetur da hayaƙin taba, faɗinta bai kai nanomita ɗaya ba, ke nan ta fi wancan ɓurɓushin ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Irin wannan ƙwayar tana ratsa HEPA kamar yadda iska ke ratsa zana. Warin fenti, warin fetur, ƙaurin girki, ƙamshin turare, duk a wannan gida na biyu suke, kuma saboda su ne aka sa gawayi a cikin na'urar.

Gawayin ba irin na mai shayi ko na mai guga ba ne, ko da yake asalinsu ɗaya. Ana yin sa daga ɓawon kwakwa, ko kwal da ake haƙowa a ƙasa, ko itace, kuma wanda ake so don tace iska galibi na ɓawon kwakwa ne, shi ya sa ƙasashe irin su Sirilanka da Indiya da Filifin da Indunisiya suka zama manyan masu fitar da shi. Matakin farko daidai yake da abin da masu yin gawayi a daji suke yi idan sun rufe itace da ƙasa: a gasa shi a inda iska ba ta shiga, a zafin da ya kai digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas, har ruwa da kwalta da sauran abubuwa masu tashi su fice, a bar ƙashin kabon. Mataki na biyu ne ya raba su. Ana mayar da gawayin cikin tanda mai zafin digiri 800 zuwa sama da 1,000, sannan a hura masa tururin ruwa. A wannan zafin tururi yana cin kabon, amma ba daga waje kaɗai yake ci ba, yana bin kowace 'yar tsaga yana ƙwaƙule ta, yana buɗe hanyoyin da kwalta ta toshe, yana haƙa sababbi, kamar yadda gara ke cinye cikin azara ta bar bayanta a tsaye. Akwai wata hanyar da ake jiƙa itacen da sinadari kamar asid ɗin fosforik kafin a gasa shi a zafin da bai kai wancan ba, amma manufar ɗaya ce. Abin da ke fitowa daga tandar, wanda za mu kira sarrafaffen gawayi, a ido baƙar ƙwaya ce kamar kowace, amma cikinta ramuka ne cikin ramuka.

A nan ya kamata a tsaya a yi ɗan lissafi, domin dukan sirrin yana cikin adadin. Da za a iya buɗe bangon waɗannan ramuka a shimfiɗa shi kamar tabarma, giram ɗaya na sarrafaffen gawayi zai rufe fili mai murabba'in mita 500 zuwa 1,500, gwargwadon ingancinsa. Filin ƙwallon ƙafa mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68 murabba'in mita 7,140 ne. Ke nan giram bakwai na matsakaicin gawayi, abin da bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi uku ba, yana ɗauke da bango mai faɗin filin ƙwallo guda. Masana sinadarai sun kasa ramukan uku: manya da suka wuce nanomita 50, matsakaita daga 2 zuwa 50, da ƙanana da ba su kai nanomita 2 ba. Manyan tamkar titunan gari ne, matsakaitan lunguna, ƙananan kuwa su ne ɗakunan da baƙo ke sauka, kuma a cikinsu ne mafi yawan wancan faɗin yake. Ana auna faɗin ta hanyar da wasu masana uku, Brunauer da Emmett da Teller, suka wallafa a 1938, wadda har yau ake kira da haruffan farko na sunayensu, BET.

To me ke riƙe ƙwayar gas idan ta shiga ramin? Ba gam ba ne, ba kuma wani haɗi na sinadari ba ne a mafi yawan lokuta. Tsakanin kowaɗanne ƙwayoyi biyu da suka kusanci juna sosai akwai wani ɗan ƙarfi mai rauni da ke jan su zuwa ga juna, wanda aka sa wa sunan masanin ƙasar Holan Johannes van der Waals, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1910. A kan shimfiɗaɗɗen bango wannan jan bai taka kara ya karya ba, ƙwayar takan taɓa bangon ta sake tashi. Amma a cikin ramin da faɗinsa bai fi na ƙwayar sau biyu ko uku ba, bango na jan ta ta dama, yana jan ta ta hagu, sama da ƙasa duk suna ja, sai raunanan ƙarfin su taru su zama riƙo. Ƙwayar ba ta narke cikin gawayin kamar sukari a ruwa ba, ba ta ƙone ba, ba ta rikiɗe ta zama wani abu ba, mannewa kawai ta yi a jikin bango, tana nan yadda take. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe fiye da komai: gawayin na'urar ba rariya ba ne, ba kuma murhu ba ne, rumbu ne. Abin da aka zuba a rumbu yana nan a ciki, rumbu yana cika, kuma abin da ya shiga yana iya fitowa.

Sanin wannan hali na gawayi ya daɗe. Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Suwidin ya rubuta a 1773 cewa gawayi na shanye gas, kuma a 1900 da 1901 Raphael von Ostrejko ya yi rajistar hanyoyin sarrafa shi da masana'antu suka ɗora a kai. Amma yaƙi ne ya hanzarta lamarin. Bayan da sojojin Jamus suka saki iskar kulorin a Ypres ta ƙasar Beljiyam ranar 22 ga Afrilun 1915, Nikolai Zelinsky na Rasha ya ƙera takunkumin fuska mai gwangwanin sarrafaffen gawayi a wannan shekarar, kuma zuwa 1918 har jama'ar gari ake roƙo a Amurka su tara ƙwallayen 'ya'yan itatuwa da ɓawo masu tauri domin a gasa su a yi wa sojoji takunkumi. Gawayin da ke cikin na'urar falo jikan wancan ne.

Ba kowane baƙo wannan rumbu yake karɓa ba, kuma akwai ma'auni mai sauƙi da ke nuna wanda zai zauna da wanda zai wuce, wato zafin da sinadarin ke tafasa a kansa. Sinadarin da ƙwayoyinsa suke da nauyi, wanda sai an zafafa shi sosai yake zama tururi, shi ne mai son mannewa. Benzin na tafasa a digiri 80, toluwin da ke cikin tina da wasu nau'o'in fenti da gam yana tafasa a wajen digiri 111, waɗannan gawayi na kama su da kyau, haka ma yawancin abubuwan da ke ba hayaƙin taba da soyayyen mai da turare warinsu. Amma sinadarin da tun a cikin tsananin sanyi ya riga ya zama gas, ƙwayarsa ƙarama ce marar nauyi, riƙon bango ba ya isar ta. Amoniya, mai ba fitsari da kejin kaji zafin warinsu, tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili. Fomaldihaid, wanda ke fita daga sababbin kayan katako na zamani, yana tafasa a digiri 19 ƙasa da sifili. Waɗannan gawayi zalla ɗan kaɗan yake riƙewa, kuma da wuri yake sakin su. Iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, wato kabon dayoksaid, ita ma ba ya rage ta a ɗaki, saboda haka ɗakin da ya cika da mutane aka rufe tagogi zai ci gaba da yin nauyi ko da na'urar tana ta aiki.

Mafi haɗari a cikin waɗanda ke wucewa shi ne kabon monoksaid, wanda ke tafasa a ƙasa da digiri 190 ƙasa da sifili, kuma gawayin na'urar gida ba ya tare shi ko kusa. Wannan ita ce gubar da ke fita daga salansar janareta da kuma kaskon gawayin da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa a daren hunturu, ita ce ke kashe iyali guda cikin barci, abin da ba baƙon labari ba ne a ƙasashenmu. Ba ta da launi, ba ta da wari. Abin da ke sa mutum ya farga cewa hayaƙin inji na shigowa ɗaki shi ne warin sauran sinadaran da ke rakiyarta, kuma waɗannan ɗin su ne gawayi ke iya kamawa. Ke nan na'urar na iya rage warin da zai gargaɗe ka, ta bar maka gubar da za ta kashe ka. Wannan ne ya sa nake ganin duk mai sayar da irin wannan na'ura a garin da kusan kowane gida ke da janareta, alhaki ne a wuyansa ya faɗa wa mai saye wannan magana ƙarara. Takunkuman da aka yi don tsira daga kabon monoksaid ba da gawayi suka dogara ba, wani haɗin ƙarfen manganis da tagulla ne mai suna hofkalait, wanda aka samar a jami'ar Johns Hopkins da ta Kalifoniya a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ba shi ake sawa a na'urorin falo ba. Maganin wannan guba a gida shi ne janareta ya zauna a fili nesa da taga, kasko ya kwana a waje, wanda yake da hali kuma ya sa ƙararrawar da ke gano ta.

Batun fomaldihaid ya cancanci a ɗan zauna a kansa, domin ya shafi ɗakin da muka fi ƙawatawa. Gado da wadurof da kabad na zamani galibi ba da katako zalla ake yin su ba, da garin katako ne da aka matse da gam, kuma gam ɗin yana fitar da fomaldihaid a hankali tsawon watanni, wani lokaci har shekaru, yana ƙara fitarwa idan an yi zafi ko laima ta yi yawa. A ɗauki ɗakin amarya da aka yi wa jere: sabon fenti, sabuwar leda ko kafet, sababbin kayan katako, sababbin labule, an kuma rufe tagogi don kada ƙura ta ɓata kaya. Yajin ido da ƙaiƙayin maƙogwaro da ake ji a irin wannan ɗaki, wanda akan ce ai warin sabon abu ne, sau da yawa akwai hannun wannan sinadari a ciki. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan'adam a 2004, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2010 ta ba da shawarar kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki a matsakaicin minti 30. Tun da gawayi zalla ba ya riƙe shi da kyau, masu ƙera na'urori masu inganci sukan jiƙa gawayin da wasu sinadarai, ko su gauraya shi da ƙwayoyin da aka shafa wa fotasiyam famanganet. Waɗannan ƙwayoyin ba ajiya suke yi ba, faɗa suke yi da gas ɗin su rikiɗa shi ya zama wani abu, don haka ba ya dawowa. Launinsu shunayya ne idan suna sababbi, su koma ruwan ƙasa idan sun ƙare. Haka kuma akan jiƙa gawayi da asid idan amoniya ake son kamawa. Saboda haka rubuta kalmar gawayi kawai a jikin kwali bai gaya maka ko na'urar za ta yi wani abu game da sababbin kayan ɗaki ba.

Ko ga sinadaran da gawayi ke kamawa da kyau, abubuwa biyu ne ke yanke hukunci: yawan gawayin, da tsawon lokacin da iska ke yi a cikinsa. Ƙwayar gas na buƙatar lokaci kafin ta bar iskar da ke gudu, ta shiga babban rami, ta bi lungu, ta isa inda za ta manne. A ɗauki na'urar da ke tura iska mita kubik 300 a awa ɗaya ta cikin faranti mai tsawon santimita 40 da faɗin 30. Iskar za ta riƙa ratsa shi da gudun kusan santimita 70 a sakan ɗaya. Idan kaurin gawayin milimita 5 ne, iskar ba za ta yi ko kashi ɗaya cikin ɗari na sakan a cikinsa ba. Idan kaurin ya kai santimita 5, lokacin ya ninka sau goma, ya kusanci kashi ɗaya cikin goma na sakan da masu tsara matatun iska na masana'antu suka saba nema. Akwai kuma matsalar farantin saƙar zuma da ba a cika gidajensa ba. Ƙwayoyin sukan zube su taru a ƙasan kowane gida, saman ya zama fanko, iska kuwa hanya mai sauƙi take bi, sai ta bi ta fankon ba tare da ta taɓa gawayi ba. Wanda ya ɗaga irin wannan farantin ya duba shi a hasken rana zai ga ramukan da idonsa. Game da yawa kuwa, tazarar da ke tsakanin na'urori babba ce ƙwarai: akwai masu siririn soso da gawayin jikinsa bai wuce 'yan giram goma-goma ba, akwai kuma waɗanda aka yi musamman don gas masu ɗauke da kilo biyu zuwa shida ko fiye. Dukansu kwalinsu na cewa akwai gawayi. A ganina, mafi amfanin tambayar da mai saye zai yi ita ce nauyin gawayin nawa ne, kuma idan ba a rubuta ba, ya cire filtar ya auna ta a hannu.

Yanayinmu ma yana da nasa tasirin. Tururin ruwa shi ma baƙo ne mai neman ɗaki, kuma idan laimar iska ta haura kusan rabi, ruwa kan fara taruwa a ƙananan ramuka ya mamaye wurin da gas zai zauna. Gawayin da ya yi aiki sosai a busasshiyar iskar hunturu zai yi rauni a tsakiyar damina, balle a garuruwan kudu irin su Legas da Kumasi inda laima ba ta yankewa. Zafi kuma ta wata fuska yake ɓata aiki. Tun da riƙon mai rauni ne, duk lokacin da zafi ya ƙaru ƙwayoyin da suka manne sukan sami ƙarfin fizgewa, shi ya sa a watannin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ko Yamai ke haura digiri 40, rumbun ke ɗaukar ƙasa da abin da zai ɗauka a ɗaki mai sanyi. Ƙurar hunturu ita ma idan ta sami isa ga gawayin tana toshe bakin ramuka, dalilin da ya sa wanke ragar gaba a kai a kai yake tsawaita ran abin da ke bayanta.

Yadda rumbun ke cika shi ne wurin da aka fi yaudaruwa. HEPA idan ta gaji tana nunawa, farinta ya koma toka-toka, iskar da ke fita ta ragu. Gawayi kuwa ranar da aka saye shi baƙi ne, ranar da ya cika ma baƙi ne, iska na ratsa shi kamar kullum, fanka na ƙara kamar kullum. Cikar tana farawa daga gefen da iska ke shigowa tana matsawa baya a hankali, kuma tun kafin ta kai ƙarshe gas ya fara tserewa ta ɗaya gefen. Sannan baƙin ba zaman lafiya suke yi da juna ba, mai nauyi idan ya zo ya tarar da marar nauyi a ɗaki yakan ture shi ya zauna, wanda aka ture kuma ya dawo cikin iskar ɗakinka. Haka nan idan iskar ɗaki ta yi tsabta, gawayin da ya ƙoshi yakan fara mayar da abin da ya ajiye, domin kullum daidaito yake nema tsakanin abin da ke cikinsa da abin da ke waje. Wannan ne dalilin da tsohuwar na'ura ke fitar da wani wari mai tsami da zarar an kunna ta. Fitilar da ke kunnuwa a jikin yawancin na'urori tana cewa a canza filta, awannin aiki kawai take ƙirgawa, ba leƙa cikin ramuka take yi ba. Wa'adin wata uku ko shida ko shekara da ake rubutawa kintace ne bisa wani matsakaicin gida, kuma gidan da ake girki da risho ko ake shan taba a ciki zai cinye wa'adin tun da wuri.

Makanikan mota sun san wani misali da ke fayyace wannan. Tun farkon shekarun 1970 motocin da ake sayarwa a Amurka suke da wani gwangwanin gawayi da ke kama tururin fetur daga tanki idan mota tana tsaye. Gwangwanin na yin shekaru yana aiki ne kawai saboda duk lokacin da injin ya tashi, yakan ja iska ta cikinsa ya kwashe tururin ya ƙone shi, rumbun ya koma fanko. Na'urar falo ba ta da injin da zai kwashe mata. A masana'antu ana farfaɗo da gawayin da ya cika ta hanyar mayar da shi tanda mai zafin ɗaruruwan digiri, abin da ba a iya yi a gida. Shanya filtar a rana na iya korar laima da wasu ƙananan sinadarai, a ji kamar ta ɗan dawo, amma masu nauyin da suka fi cika ramukan suna nan daram. Wanke ta da ruwa da sabulu kuwa ƙara ɓata ta yake yi. Gawayin murhu da mata da yawa ke jefawa a firiji don rage wari yana ɗan yin aiki, domin shi ma yana da ramuka, amma faɗin bangonsa bai kama ƙafar na sarrafaffe ba, don haka daka shi a cusa a na'ura ba zai maye gurbin filta ba, baƙin gari kawai zai watsa a ɗaki.

Lambobin da ake bugawa a kwali ma suna buƙatar a karanta su da lura. Lambar da aka fi tallatawa, wadda ake kira CADR, a tsarin da ƙungiyar masu ƙera kayan gida ta Amurka ta daɗe tana amfani da shi, tana auna saurin cire hayaƙi da ƙura da garin fure ne, dukansu kuwa ɓurɓushi ne, ko hayaƙin ma tokarsa ake ƙirgawa ba gas ɗinsa ba. Na'ura na iya samun babbar lamba a nan alhali gawayinta na ado ne. Ƙa'idar ƙasar Sin ta 2015, wadda aka maye gurbinta da ta 2022, ta fi taɓa inda ya dace, domin bayan saurin cire fomaldihaid, ta kuma auna jimillar abin da filta za ta iya ɗauka kafin ƙarfinta ya ragu da rabi, ta ba ta matsayi daga F1 zuwa F4, inda F4 ke nufin miligiram 1,500 ko fiye. Tun da yawancin na'urorin da ke shigowa kasuwanninmu daga can suke, yana da kyau a duba ko akwai wannan alamar a kwalin. Kuma ko mafi girman matsayin, a lura, daga giram ɗaya da rabi kacal yake farawa.

Wannan ƙaramin adadi ya isa ya nuna wa mutum matsayin na'urar a cikin gida. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda bincikenta na shekarun 1980 ya gano cewa wasu sinadarai masu tashi sun fi yawa a cikin gidaje sau biyu zuwa biyar a kan waje, ita kanta ta sa kawar da tushen gurɓata a gaba, sannan shigar da iska daga waje, sannan tacewa. Jarkar fetur ɗin janareta da aka ajiye a bayan ƙofa, ko babur da ke kwana a zaure, na iya fitar da tururin da zai cika siririn soso cikin ɗan lokaci, alhali fitar da jarkar waje ba ya cin ko sisi. Madafar da ake hura itace a cikinta kuwa ta fi ƙarfin kowace na'urar falo, kuma irin wannan hayaƙin girki ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta da mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Inda gawayi ke da amfani na gaskiya shi ne ragowar da ba a iya kawarwa: warin kwata ko hayaƙin titi da ke shigowa gidan da ke bakin hanya, ƙaurin da ya rage bayan girki, sauran warin fenti bayan an bar ɗaki a buɗe na kwanaki, ko ɗakin mai ciwon asma da wari ke tayar masa da ciwo.

Akwai kuma abin da ya shafi gidajenmu musamman, wanda kwalin da aka buga a wata ƙasa ba zai ambata ba. Gawayi ba ya bambance wari da ƙamshi. Turaren wuta da humra da turaren tsinke, ƙwayoyin ƙamshinsu masu nauyi ne, irin waɗanda ramukan suka fi so, saboda haka uwargidan da ta turara ɗaki alhali na'urar na kunne tana ciyar da filtar ne da turarenta, ƙamshin ya gushe da wuri, rumbun kuma ya cika da abin da ba shi aka saye shi ya kama ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a kashe na'urar lokacin turare, a bar taga a buɗe hayaƙin ya fita, domin shi ma yana da ɓurɓushin da ke shiga huhu, sannan a rufe a kunna. Sabuwar filta kuma a bar ta cikin ledarta a ɗaure har ranar da za a sa ta, domin ko a kan kanta take a shago tana shan iskar da ke kewaye da ita, kuma ranar da za a sa ta a tabbata an cire ledar, tun da yawancin na'urori da filtarsu a naɗe suke fitowa daga kwali.